Reshe a Bakin Hanyar Lorne

Shekara huɗu ke nan Lorne Haldane yana gina hanya guda ɗaya a bayan dutsen tsibirinmu, kuma babu tayar da ta taɓa taka ta. Hanyar keke nake nufi, irin siririyar nan da ke gangarowa daga kan dutse ta ratsa kurmi, faɗinta bai wuce taku biyu ba. Muna da irinta sun fi arba'in a tsibirin. Don su ne ma jirgin fito ke juye mana baƙi daga ko'ina cikin Kanada duk ƙarshen mako, kekuna rataye a bayan motoci. Goma sha ɗaya daga cikin hanyoyin nan aikin hannun Lorne ne. Ta sha biyun ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

A bakinta akwai reshen itacen sida a gitte. Duk ɗan tsibirin nan ya san ma'anarsa: mai gini bai gama ba. Al'adarmu ce tun lokacin da aka fara saran dajin nan da fartanya da diga, wanda ya gina hanya shi ke fara saukowa da kekensa daga sama har ƙasa, sannan a janye reshe kowa ya shiga. Da dalilinta kuwa. In ka kafa gada ko ka tayar da tudun tsalle, wuyanka ya kamata a fara gwadawa da shi, ba wuyan ɗan wani ba. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, babu tara, babu mai gadi. Amma wanda ya tsallake reshen wani, sai dai ya nemi wani tsibirin ya sha gahawarsa.

Abin da babu wanda ya sani, ban da wata likita can asibitin birni, shi ne hanyar ta daɗe da ƙarewa. Hannun Lorne ne ya ƙare kafin ita. Wata safiya cikin sanyi, shekara biyu da suka wuce, kofi ya suɓuce daga hannunsa na hagu ya tarwatse. Likita ta ce ɗan shanyewar jiki ne, ya auna arziki. Komai ya dawo daidai, sai yatsu biyu, manuni da na tsakiya, waɗanda ke jan birkin gaba. Suna iya dafa ƙotar shebur in sauran sun taimaka, amma ba sa matsawa. Sau ɗaya ya gwada a 'yar gangaren bayan gidansa, ya tsinci kansa cikin ƙaya, keke a kansa. To ina ga hanyar da ke da falalen dutse mai tsawon gida biyu? Ya rataye keken a rumfa, bai gaya wa kowa ba.

Wa ma zai gaya wa? Matarsa Noreen ta rasu shekara shida. Ɗansu yana can birnin Calgary mai nisa, sai Kirsimeti ake jin muryarsa. Kuma mutumin da ya yi shekara talatin ana nuna shi da baki ana cewa ga wanda ya gina kaza da kaza, ba ƙaramin abu ba ne ya buɗe baki ya ce yatsu biyu sun kayar da shi.

Saboda haka kullum da safe sai ya saɓa shebur ya haura, ya nemi abin gyara. Kwana ɗaya, wato lanƙwasa ɗaya a tsakiyar hanyar, sau uku yana rushe ta yana sake tayarwa, yana jido jar ƙasa bokiti-bokiti daga rami. Yana can yana gyaran gira, daji kuwa yana karɓar abinsa daga sama. Hanyar da taya ba ta bi, a kurmin nan damina biyu ta ishe ta. Gansakuka ta fara rufe duwatsu, ciyayi sun miƙo hannu daga gefe da gefe, ganye ya toshe magudanai. Mutum ɗaya mai hannu ɗaya da rabi ba ya kokawa da daji. Lorne ya san haka sarai, kuma abin na cin ransa.

Da yamma yakan biya shagon gahawa na Dagny a bakin tashar jirgi, nan ne kaɗai yake jin muryar ɗan Adam.

"Ga mai hanyar da ba ta ƙarewa!" in ji Wendell Pike, shugaban ƙungiyar masu keke, wanda suka yi shekara ashirin suna yankan katako tare. "Tsoho, wai zinare kake shimfiɗa mata ne? Jikata ta ce in tambaye ka ko za ta samu ta hau kafin ta yi furfura."

"Da saura," in ji Lorne.

"Bara ma da saura ka ce."

"To bana ma da saura. In sauri kake yi, je ka hau titin kwalta, shi ya dace da tumbin nan naka."

Aka kwashe da dariya. Lorne ma ya murmusa, ya karɓi gahawarsa da hannun dama, na hagun yana cikin aljihu. Ya sha, ya tafi gida ya ɗumama miyar jiya.

Wata Litinin a ƙarshen Satumba, bayan an ɗan yi yayyafi, ya iso bakin hanyar ya tarar da reshensa yana nan yadda ya bar shi. Amma a bayan reshen, kan jar ƙasar da ya lallaɓa da hannunsa, ga sawun taya ɓaro-ɓaro, ya miƙe ya shige cikin itatuwa.

Kai, ran maza ya ɓaci! Ko taku goma bai ƙara ba. Ya yar da shebur ya gangaro, ya faɗa shagon Dagny da taɓo har gwiwa, mutane cike ana jiran jirgi.

"Wane ɗan iskan ne ya hau mini hanya?"

Kowa ya waiwayo.

"Shekara huɗu ina ɗaukar ƙasa a kafaɗata! Wane marar kunya ne ya tsallake reshena?"

Dagny ta ajiye tulun gahawa, ta ce, "Lorne, tsaya ka ji..."

"Ba abin da zan ji! Duk wanda na sake ganin sawunsa a wurin nan, ko ɗan waye, da gatari zan raba masa keke biyu. Ku gaya wa na waje."

Dagny ta haɗiye maganarta. Wendell ya miƙe, fuskarsa ba wasa, ya dafa kafaɗarsa. "Ka bar mana wannan, abokina. Abin kunyarmu ne mu duka. Ba za a kuma ba, in dai ina numfashi."

Washegari Lorne ya haura da manjagara don ya share sawun, kamar yadda mai gini ke yi in an ci masa mutunci. Ya tsallake reshe, ya ɗaga manjagara, sai ya ce bari dai ya ga iyakar ɓarnar tukuna.

Mai gina hanya yana karanta sawu kamar wasiƙa. A kwanar farko tayar baya ta kurje ƙasa, an danna birki da ƙarfi. Lorne ya ja tsaki. "Matsoraci." A ta biyu kurjin ya ragu. A ta uku babu shi sam, tayar ta kwanta ta zagaya sumul. Ya tsaya ya ƙura wa wurin ido. Mai keken ya fara yarda da hanyar, ya gane wanda ya gina ta ba zai yaudare shi ba.

A gadar katakon sida da ke kan rafi, taɓo ya bi tsakiyar katakai cif, bai karkata ba. A saman falalen dutsen kuwa sai ga sawun takalmi, ɗan ƙarami. An sauka, an jingine keke, an gangara da ƙafa har ƙasa an duba, an sake haurowa, sannan aka hau. A gindin dutsen tayoyi biyu sun dira a kan layi ɗaya.

"Yauwa!" in ji Lorne da ƙarfi. "Haka ake yi! A duba tukuna!"

Muryarsa ta ba shi mamaki. Rabon da ya yi magana a cikin kurmin nan ya manta.

Daga nan sai ya kama sauri kamar mai bin wani a baya. Ya iso kwanar nan da ya gina sau uku. Tayar ta hau can saman tudun gefen kwanar, daidai inda ya taɓa jan layi da tsinke yana cewa a ransa nan gwani zai bi. Daidai wurin, ko ɗan yatsa bai kauce ba. Ya durƙusa ya shafa sawun da hannunsa mai lafiya. Can gaba, inda saiwoyi suka yi yawa, tayar ta zame hagu, an ga inda kafaɗa ta goge gansakukar jikin itace.

"Ash! Yi haƙuri, wannan laifina ne," ya ce. "Na matse wurin da yawa. Zan gyara."

Ya fito ƙarshen hanyar, manjagara ba ta taɓa ƙasa ba. Ya zauna a kan kututture ya ciro burodinsa da bandar kifi, ya kasa ci. Daɗi ya ji irin wanda ya daɗe bai ji ba, sai kuma kaɗaici ya biyo baya ya danne shi. Shekara huɗu yana magana shi kaɗai da shebur, sau ɗaya tak aka amsa masa, shi kuwa ya je tsakiyar mutane ya yi wa mai amsar barazana da gatari.

Ranar Laraba ruwan Oktoba ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwana biyu bai ɗauke ba. Da Lorne ya koma, sawun ya tafi, ko alama. Hanyar ta koma fes, kamar ɗakin da ba a taɓa kwana a ciki ba.

Ya daɗe tsaye cikin rigar ruwa. Sannan ya sunkuya ya kama reshen, ya ja shi gefe ya wurga cikin ciyawa. Ya ce a ransa, shi ke nan, wanda ya ga a buɗe ya shiga, ba sai na ce komai ba.

Asabar da safe ya biyo ta ƙasan hanyar ya zauna a kan wani gungume kusa da kwanarsa, inda zai ga mai zuwa ba a gan shi ba. Yana jiyo ihun masu keke daga hanyoyin maƙwabta, ƙarar sarƙa, dariya, wani yana kiran wani. Sautin ya matso, ya wuce. Har gahawar cikin gorarsa ta huce babu wanda ya ɓullo. Da ya haura sama, sai ga reshen a gitte, an mayar da shi tsaf, har an danne shi da dutse don kada iska ta sake ɗauka.

Ya cire ya cilla shi can ƙasan kwazazzabo. Lahadi ya tarar da sabo, wanda ya fi na da kauri, yankan zarto ɗanye shataf. Ya ja wannan ma da ƙyar, yana haki. Ranar Talata kuwa gungume guda ya samu a kwance, wanda sai ƙarti huɗu za su ɗaga, da allo an kafa masa ƙusa, rubutun Wendell mai kama da tafiyar kaza: "Hanyar Lorne ce. Bai buɗe ba. Mai kunne ya ji."

Ka ga mutanenmu ke nan. Babu wanda ya ga Lorne ya sauko a kan keke, to a wurinsu hanya ba ta buɗu ba, duk wanda ke janye reshe ɓarawon nan ne ya dawo. Har rabon kwana suka yi, kowa da ranar da zai leƙa. Don ƙauna suke yi, wallahi, don girmama shi. Tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka. Lorne ya tura gungumen da ƙafa, ko motsi bai yi ba. Ya zauna a kansa ya yi dariya, dariyar da ba ta da daɗin ji.

Ya kwana biyu yana juya abin. Dabara ta ƙare. Ko dai ya faɗa da bakinsa, ko ya zuba ido daji ya haɗiye aikin shekara huɗu, abokansa suna gadin ƙofa.

Ya sami Wendell da hantsi a rumfar bayan gidansa, yana gyaran keken jikarsa, an ɗaga shi a kan ƙarfe.

"A'a, manya! Ka ga aikinmu? Yanzu ko barewa sai ta nemi izini."

Lorne ya dubi keken. Ya matso ya juya tayar gaba da hannun dama, ta kama gudu. Ya fito da hannun hagu daga aljihu, ya ɗora yatsun nan biyu a kan birki, ya matsa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Tayar ta ci gaba da juyawa abinta.

Wendell ya tsaya da sifana a hannu. Su biyun suka zuba wa tayar ido har ta gaji don kanta ta tsaya.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu, in Janairu ta zo."

"Kai, Lorne. Kai, tsohon banza!" Wendell ya ajiye sifana. "Ni kuma kullum ina yi maka tsiya a gaban mutane, kana dariya. Me ya hana ka faɗa?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga shi na faɗa. Ni ne ke janye reshen, ku kuna mayarwa."

Wendell ya dafe kai, ya zauna a kan wani akwati. Can ya ce, "To tunda ranar faɗin gaskiya ce, ni ma ga tawa. Wanda ya hau maka hanya ba ɗan tsibiri ba ne. Wata baƙuwa ce, ta zo ranar Lahadi da jirgin safe ita kaɗai. Ta ɗauka iska ce ta kayar da reshen, ta ɗaga kekenta ta tsallake. Da ta sauko ta je shagon Dagny tana tambayar wa ya gina, ta ce sai ta gan shi ta yi masa godiya. Jirgi biyu suka tashi suka bar ta tana zaune tana jiranka. Ranar ba ka biyo ba. Ta bi na ƙarshe."

Lorne ya tuna Lahadin. Kansa ne ya ɗan yi ciwo, ya wuce gida kai tsaye.

"Ya sunanta?"

"Dagny ba ta tambaya ba. Washegari ta buɗe baki za ta gaya maka, sai ka ambaci gatari. Ni ma jiya-jiya ta faɗa mini."

Lorne ya kalli ƙasa. "Ta duba dutsen da ƙafa kafin ta hau," ya ce a hankali. Wendell bai gane ba, bai kuma tambaya ba.

"Ka buɗe mini ita ranar Asabar, Wendell."

"Ni? Ban isa ba. Kekenka ne zai fara sauka, ko kana kai ko kana gefensa. Mu za mu jira a sama. In ka yini ma za mu jira."

Asabar ta zo da hazo mai sanyi. Mutum ashirin da uku suka taru a bakin hanyar, kowa da hular kwano. Babu wanda ya kalli hannun Lorne, da haka ya gane kowa ya ji. Wendell ya tayar da injin zarto ya yanka gungumen gida uku, aka mirgina gefe. Ya rataya wa Lorne 'yar rediyon kira a wuya, don waya ba ta kamawa a bayan dutse. Babu jawabi, mu ba mu iya wannan ba.

Lorne ya riƙe kan kekensa ya tura. Yana shan kwanar farko itatuwa suka rufe shi, muryoyin suka ɓace. Daga shi sai ƙarar tayar baya, tik-tik-tik, da ɗigar ruwa daga ganye. Ya tsallake gada yana dafe da sirdi. A falalen dutse sai da ya zauna ya ja gindi kamar yaro, yana sakin keken a gabansa kaɗan-kaɗan, wando ya jiƙe sharkaf. Ya gode Allah babu mai kallo. A kwanar da ya gina sau uku ya ɗaga keken ya bi da tayar can saman gefen, shi yana takawa a ƙasa. Ya tsaya a wurare da yawa ba don gajiya ba. Awa ɗaya da minti goma ya yi kafin ya fito.

Ya danna rediyon. "Na sauka."

"Mun ji," in ji Wendell.

Ya duba agogo, ya jingine keke, ya jira. Da farko shiru. Can sai wani ihu daga nesa, sama-sama, sannan wani, sannan ƙarar tayoyi a kan katakan gada kamar ana kaɗa ganga. Ya san inda suke a kowane sauti. Yanzu suna dutse. Yanzu sun kai kwanar, ga shewa ta tashi. Na farkonsu ya faso daga cikin ciyayi, fuska duk taɓo, haƙora a waje. Lorne ya sake duba agogo. Minti tara.

Suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna bubbuga kafaɗarsa, kowa na magana lokaci guda. "Lorne, kwanar nan!" "Ka gama da mu, tsoho!" Wendell ne na ƙarshe, yana haki kamar zai shiɗe, ya yar da keke ya rungume shi.

Wata daga ciki ta ɗaga hannu. "A sake! Kafin ruwa ya sauko!"

Nan da nan suka juya suka nufi hanyar hawa, ana tsere. Wendell ya ɗauki kekensa, ya kalle su, ya kalli Lorne.

"In tsaya?"

"Tsaya ka yi mini me? Je ka, tumbin nan yana bukata."

Wendell ya yi dariya ya hau, ya bi su. Ƙarar sarƙoƙi ta yi nisa, ta yi nisa, har kurmi ya koma shiru. Lorne ya juya ya kalli bakin hanyar. Sawu a kan sawu, ba ka ma iya gane nasa a ciki. Hanyar ta rayu, ba ta ƙara bukatarsa.

Ya duba agogo, goma da rabi ba ta ma cika ba. Yini guda cur a gabansa, ga na gobe, ga na jibi, kuma babu inda ake jiransa da shebur. Ya kama kan keken ya tura shi zuwa titi.